Gidan Rumji: wace manhaja ce ta dace da ɗakin karatun da ba shi da kasafin kuɗi?

Daga wakilinmu a jahar Maraɗi

Matafiyin da ya bar Maraɗi ya kama babbar hanyar kwalta mai lamba 1 ya nufi Madawa, in ya wuce Tsibiri, mazaunin Sarkin Gobir, ba zai daɗe ba sai ya riski Gidan Rumji, tafiyar kimanin kilomita 50 daga babban birnin jahar. Gari ne na manoman gero da wake da gujiya, kuma shi ne mazaunin hukumar gundumar da ta haɗa da Tsibiri da Cadakori da Gidan Sori da Saye Sabuwa. Ba wanda zai zo nan da niyyar neman labarin na'ura mai ƙwaƙwalwa. Amma kuwa a cikin wannan yanki ne, a wani koleji da ba zan ambaci sunansa ba, na tarar da wata matsala wadda a ganina ta shafi kowane ƙaramin ɗakin karatu na ƙasar nan, daga na lakwal har na masallaci da na gidan matasa.

Mutumin da ke riƙe da mabuɗin ɗakin ba ma'aikacin littattafai ba ne. Mushe ne mai koyar da Faransanci, aka ɗora masa wannan nauyi bisa ga nasa, ba tare da an ƙara masa ko dala a albashi ba. Littattafan da ke hannunsa ba su kai 2000 ba: na karatun aji, da ƙamus-ƙamus, da labaran marubutan Afirka, da ƴan littattafan Hausa da wasu iyaye suka kawo daga Katsina da Kano. Shekaru da dama babbar rajista ce kaɗai makaminsa, sai wata rana wani shiri na taimako ya kawo musu kwamfuta, wadda mu a nan muke ce wa ordinater, a cikinta an saka wata manhaja ta tsara littattafai. Mushe ya sadaukar da hutun damina guda cur, ya bar gonarsa a hannun ƙannensa, yana shigar da sunayen littattafai ɗaya bayan ɗaya. Da wa'adin shirin ya ƙare, masu shi suka tattara nasu ya nasu suka tafi. Bayan ƴan watanni manhajar ta ƙi buɗewa, tana neman a sabunta lasisi, a biya da kuɗin waje, ta hanyar katin banki wanda makarantar ba ta taɓa mallaka ba. Aikin yana nan cikin na'urar, amma a kulle, kamar hatsin da ke cikin rumbun wani.

Da na tambaye shi ko ya nemi a fitar masa da abin da ya rubuta kafin a rufe, sai ya ce shi bai ma san ana yin wannan tambaya ba. To, wannan rashin sani shi ne ya sa na ga ya dace mu tsaya a kan batun a wannan shafi.

Rajista daban, kundi daban

Da farko ya kamata mu rarrabe abubuwa biyu da ake yawan haɗawa. Rajista tana faɗin abin da ɗaki ya mallaka, bisa jerin ranar shigowa: littafi na 1, na 2, na 3, har zuwa na ƙarshe. Ita ce shaidar dukiya, ita ce sufeto zai nema in ya zo bincike. Kundin littattafai kuwa, wanda Turawa ke kira katalog, amsa yake ba mai karatu. Yaro ya zo ya ce yana son littafin Abdullahi Mamani mai suna Sarraounia, ko kuwa ya ce yana neman kowane littafi da ya yi magana a kan tarihin Gobir, bai san sunan marubuci ba. Kundi ne zai ce akwai ko babu, kwafi nawa ne, a kan wace kanta yake, in kuma an ara, wa ya ara, yaushe zai maido. A da ana yin wannan da ƙananan katuna cikin akwatin katako, kowane littafi da katinsa uku: na marubuci, na suna, na fanni. Manhaja ba ta zo da wani sabon abu ba face ta ɗauke wahalar rubuta kati uku, ta kuma sa bincike ya zama na ƙiftawar ido.

Saboda haka tambayar farko ba ta wace manhaja ba ce. Tambayar ita ce: littattafai nawa ne, mutum nawa ke ara a mako, kuma wa zai zauna ya shigar da su? Mu yi lissafi mai sauƙi. In littafi guda yana cin minti 10, daga ɗauko shi, da duba shafin farko, da rubutawa, da liƙa masa lamba a gadon baya, to littattafai 1500 za su ci awa 250. Mai aikin awa 4 a yini zai yi fiye da kwana 60 bai huta ba. Wannan gumi shi ne dukiyar gaske. Na'ura tana lalacewa a sayi wata, manhaja tana tsufa a canza ta, amma kwana 60 na malamin makaranta ba a kasuwa ake sayo su ba. Duk manhajar da ba za ta bar ka ka kwashe wannan aiki ka tafi da shi wani wuri ba, ko kyauta aka ba ka ita, ta yi tsada.

Ma'aikatan littattafai na duniya sun daɗe da gane haka, shi ya sa suka yi yarjejeniya a kan siga guda ta rubuta bayanin littafi. A cikin shekarun 1960 wata mata mai suna Henriette Avram, a babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka, ta tsara sigar da ake kira MARC, wadda ta ba kowane bayani gurbinsa: nan sunan marubuci, nan sunan littafi, nan maɗaba'a, nan shekara. Ƙasashe masu amfani da Faransanci sun fi bin reshenta mai suna UNIMARC. Ba dole ne mushe na Gidan Rumji ya haddace waɗannan ba. Abin da ya wajaba a kansa shi ne ya tambayi duk wanda ya kawo masa manhaja: shin tana iya fitar da bayanaina a sigar UNIMARC, ko a fayil na ISO 2709, ko aƙalla a tebur na CSV wanda kowace na'ura ke karantawa? Kada ya yarda da amsar baki. Ya shigar da littattafai goma, ya ce a fitar masa da su a gabansa, ya buɗe a wata kwamfutar ya gani da idonsa.

Tsohuwar amana ta UNESCO

Waɗanda suka yi aiki a cibiyoyin ajiye takardu na ma'aikatu a Yamai cikin shekarun 1990 ba za su manta da CDS/ISIS ba. Sunan ba shi da wata alaƙa da ƙungiyar nan mai ɗauke da makamai, ya ma riga ta da shekaru masu yawa. Manhaja ce da hukumar UNESCO ta fitar don ƙananan na'urori a 1985, tana raba ta kyauta ga ƙasashe masu tasowa, daga baya aka yi mata ƙanwa mai aiki a kan Windows da ake kira WinISIS. Ta yi wa Afirka hidima ƙwarai, musamman bayan karyewar darajar sefa a watan Janairun 1994, lokacin da farashin duk abin da ake sayowa daga Faransa ya ninka cikin dare guda. Ba ta da nauyi, ba ta neman intanet, kuma makarantar horar da ma'aikatan littattafai ta Dakar, wato EBAD, ta yaye ɗalibai da dama da suka iya ta.

Sai dai zamaninta ya wuce. An daina sabunta WinISIS tun da daɗewa, kuma ba ta tashi a kan sababbin Windows masu bit 64 sai da dabaru. Wanda ya gaji tsohon kundi a cikinta kada ya jefar, domin tana fitar da bayanai a sigar ISO 2709, ana iya kwashe su a zuba a wata manhajar. Amma wanda zai fara yau, ban ba shi shawarar ya fara da ita ba.

PMB da Koha

Manhajoji biyu ne sunansu ke yawan fitowa a duk inda aka tada wannan zance, kuma abin sha'awa, dukansu a ƙananan garuruwa aka haife su, a hannun mutanen da kuɗi ya yi wa ƙaranci.

Koha ta fito ne daga ƙasar Niyu Zilan. A 1999 hukumar ɗakunan karatu ta gundumar Horowhenua ta ga tsohuwar manhajarta ba za ta tsallake shekara ta 2000 lafiya ba, kuɗin sayen sabuwa kuma babu. Sai ta sa wani ƙaramin kamfani mai suna Katipo ya rubuta mata tata, aka fara aiki da ita a watan Janairun 2000, aka kuma sake ta ga duniya kyauta. Kalmar koha a harshen Mawori, mutanen asali na ƙasar, tana nufin kyauta. Yau jami'o'i da manyan ɗakunan karatu a nahiyoyi duka suna amfani da ita, ana fitar da sabon zubinta sau biyu a shekara, a watan Mayu da na Nuwamba, kuma an fassara ta da Faransanci. Tana yin komai: kundi, aro, tara, sayayya, mujallu, rassa da yawa a ƙarƙashin kundi guda. Matsalarta a wurinmu ita ce a kan Linux take zama, kuma girka ta da kula da ita sai wanda ya san aikin. Ga wuri kamar Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, inda akwai masana na'ura a kusa, wannan ba komai ba ne. Ga ɗaki guda mai kanta shida, tamkar sayen babbar mota ce don kai buhu biyu kasuwa.

PMB kuwa wani shugaban ɗakin karatu na ƙaramin garin Agneaux a Faransa, mai suna François Lemarchand, shi ya fara rubuta ta a 2002. Ita ma kyauta ce, kowa na iya saukewa ya girka, ko da yake akwai kamfanin da ke kula da ita, mai sayar da horo da taimako ga wanda ya so. Da Faransanci aka haife ta, UNIMARC take bi, kuma ta bazu sosai a makarantu da cibiyoyin ƙasashen Afirka masu amfani da wannan harshe, abin da ke nufin samun wanda ya taɓa aiki da ita a Maraɗi ko Yamai ya fi sauƙi. Ana iya girka ta a kan kwamfuta guda, ko mai Windows ce, ta yi aiki ba tare da intanet ba, muddin an saka mata abokan tafiyarta uku, wato Apache da PHP da MySQL. A nan ne gizo ke saƙar: in zubin ɗaya bai dace da na ɗayan ba, sai ta ƙi tashi, kuma mushe shi kaɗai ba zai gane dalili ba. Ana bukatar mai sani na yini ɗaya ko biyu a farko, da kuma lambar wayarsa a aljihu.

Akwai ta uku da ba a cika sani ba a yankinmu, SLiMS, wadda aka ƙirƙira a ƙasar Indunusiya, mai sauƙin sarrafawa. Na ambace ta ne don a san akwai ta, amma manhajar da ba wanda ya iya ta tsakanin Dakoro da Madarumfa, ranar da ta tsaya kai kaɗai za ka yi kukanka.

Kalmar kyauta ma tana son bayani. Ba ka biyan lasisi, gaskiya ne, kuma ba ranar da za a rufe maka ƙofa. Amma kuɗin motar mai girkawa, da abincinsa, da takardar liƙa lamba, da tawada, duk suna nan. Bambancin shi ne kuɗin a gida yake zama, kuma sau ɗaya ake kashe mafi yawansa.

Masu bayar da haya

Wani rukunin kuma shi ne na manhajojin da ba a girkawa sam. Suna zaune a wata na'ura can ƙasar waje, kai dai ka shiga ta intanet, ka biya kuɗin wata ko na shekara. Irinsu TinyCat, ta masu LibraryThing a Amurka, an yi ta musamman don ƙananan ɗakuna, kuma gaskiya tana da kyan gani da sauƙi. BCDI da makarantun Faransa ke amfani da ita, ita ma da kuɗin shekara take tafiya. Ga mai zaune a Turai kuɗin ba shi da yawa. Amma mu mayar da shi namu: yuro guda sefa 655,957 ne, wato wajen sefa 656, don haka hayar yuro 100 a shekara ta haura jika 65. Ƙungiyar iyayen yara da ke tara dala-dala don gyaran tebura, a ina za ta samo wannan kowace shekara, ban da kuɗin intanet? Kuma ranar da layi ya yanke, ɗakin ya makance, ko littafin da ke gabanka ba ka iya rubuta aronsa. Akwai kuma zancen sunayen yara da abin da kowa ya ara, waɗanda za su koma ajiye a wata ƙasa, alhali tun 2017 Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutane.

Babban abin da masu wannan haya ke tallatawa shi ne: ka nuna wa na'ura lambar ISBN da ke bayan littafi, sai duk bayaninsa ya sauko da kansa. PMB da Koha ma suna yin haka, suna ɗauko bayani daga babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa ta hanyar da ake kira Z39.50, in akwai layi. Ga littafin da aka buga a Pari wannan alheri ne. To amma ɗauki abin da ke kan kantocinmu. Tsofaffin bugun da suka riga 1970 ba su da wannan lamba, domin a shekarar ne ta zama ƙa'idar duniya. Littattafan yaƙi da jahilci da takardun koyarwa da aka buga a nan gida galibi ba su da ita. Littattafan soyayya na kasuwar Kano, waɗanda ƴan mata suka fi nema, da yawansu ba su da ita, wanda ke da ita ma ba lalle ne wani kundi na duniya ya san da zamansa ba. Ƙasidun ajami da littattafan addini da ake sayarwa a bakin masallaci kuwa, ba a ma maganarsu. Duk waɗannan da hannu za a shigar da su, kowace manhaja aka zaɓa. Kada a sayi manhaja saboda wata baiwa da rabin littattafanka ba za su amfana da ita ba.

Gwajin harufa masu ƙugiya

A nan nake son in daɗe, domin wannan ne abin da ba wani ɗan kasuwar manhaja da zai tuna maka. A watan Maris na 2025 kundin tsarin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. A wannan watan ne kuma Nijar ta sanar da ficewarta daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, wadda ita ce tun 1986 ta ɓullo da shirin cibiyoyin karatu na karkara da ake kira CLAC, har ƙasarmu ta amfana da shi. Ma'anar waɗannan abubuwa biyu ga mai riƙe da mabuɗin ɗakin karatu a fili take: ya kamata littattafan Hausa su ƙaru a kan kanta, kuma dole a rage dogaro ga wani ya zo daga waje ya tsara mana su.

To, shin manhajarka ta iya Hausa? Ba ina nufin a fassara mata maɓallai ba. Ina nufin ta karɓi ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, ta ajiye su yadda suke, ta buga su a takarda ba tare da ta mayar da su alamar tambaya ko ɗan akwati ba. Tsofaffin manhajoji da yawa ba su iya ba. Sababbin da ke bin tsarin Unicode, a cikinsu har da Koha da PMB in an girka su a kan UTF-8, suna iyawa, kuma da wannan tsarin ne ake rubuta harufan Larabci. Amma karɓa daban, nema daban. A gwada: a shigar da littafin Ado Ahmad Gidan Dabino mai suna In da So da Ƙauna, sannan a neme shi da kalmar kauna, da k maras ƙugiya, kamar yadda yawancin yara za su rubuta. In bai fito ba, to ga mai nema littafin babu shi, ko da yana kan kanta yana kallonsa. Maganin mai sauƙi ne: a rubuta sunan daidai a gurbinsa, a sake rubuta shi ba ƙugiya a gurbin suna na biyu. Aiki ne na daƙiƙa kaɗan, amma sai an yanke shawararsa tun ranar farko.

Haka zancen ƴ yake. Ƙa'idar rubutun Hausa da Nijar ta tabbatar a 1999 tana rubuta ƴan da harafi mai ƙugiya, Najeriya kuwa da waƙafi a sama take rubutawa, 'yan. Ɗakin karatu na Gidan Rumji yana da littattafai daga ɓangarorin biyu, yana kuma da masu karatu daga ɓangarorin biyu, tun ma ba daga 2019 ba, lokacin da ƴan uwanmu masu gudun hijira daga jihohin Sakkwato da Zamfara suka fara kwararowa cikin gundumar, aka zaunar da wasunsu a wurare irin su Cadakori da Garin Kaka. Na'ura ba ta san cewa waɗannan rubutu biyu kalma guda ce ba sai an gaya mata.

Sai kuma sunayen marubuta, inda rikicin ya fi yawa. Bafaranshe yana da sunan dangi, shi ake sawa a gaba. Abubakar Imam, mai Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja, a ƙarƙashin A za a sa shi ko a ƙarƙashin I? Bubu Hama, da Boubou za a rubuta shi kamar yadda yake a bangon littattafansa, ko da Bubu? Mutum guda yana iya zama Aboubacar a wani littafi, Abubakar a wani, Boubacar a na uku. Garinmu kansa Guidan Roumdji ne a takardun hukuma, Gidan Rumji a bakinmu da alƙalaminmu. Manhaja ta ƙwarai tana da wurin da ake ajiye suna guda tabbatacce, a ɗaure masa sauran rubuce-rubucensa, ta yadda duk wanda mai nema ya buga zai kai shi gida ɗaya. Koha da PMB suna da wannan. Wanda ke aiki da tebur kawai sai ya ware ƴan shafuka a bayan kaye ya rubuta hukuncin da ya yanke a kan kowane suna, don wanda zai gaje shi ya bi. A nawa ra'ayin, a bi rubutun da marubucin ya sa a littafinsa, a kuma bar sunan Bahaushe a jere yadda ake kiransa, tunda ba yaron da zai zo ya ce a ba shi littafin Imam, Abubakar.

Wuta da ƙura

Wutar da yankin Maraɗi ke sha daga Najeriya take zuwa, ta layin da ya taso daga Katsina ya sauka Gazawa. Kowa ya tuna abin da ya faru a watan Agustan 2023, lokacin da aka yanke ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba a maido ba sai a watan Maris na 2024. Ko a lokacin lafiya ma, in bazara ta yi tsanani, ɗaukewar wuta ba baƙon abu ba ne. Kwamfutar tebur da wuta ta ɗauke mata tana cikin rubutu tana iya ɓata kundin gaba ɗaya. Don haka ƙaramar kwamfuta ta hannu, ko tsohuwa ce, in dai batirinta na riƙe caji, ta fi babbar sabuwa amfani a nan, kuma fanon hasken rana guda ya ishe ta. A ɗinka mata riga saboda ƙurar hunturu. Kowace Juma'a a kwafi kundin a kile biyu, ɗaya ya kwana a ofishin darekta, ɗaya a gidan mai kula, domin ɓarawon da ya ɗauki na'ura ba zai bar kilen da ke maƙale a jikinta ba. Sau ɗaya a shekara a buga jerin duka a takarda. Rajista kuma kada a yar da ita, sai dai a tsare ta daga gara.

Inda na tsaya

In aka tambaye ni, ga ɗakin da littattafansa ba su wuce ɗari biyar ko dubu ba, kuma masu aro ba su fi a ƙirga ba, ban ga laifin farawa da tebur na LibreOffice Calc, wanda kyauta ne, ko na Excel in akwai shi. Sharaɗin shi ne tsabta: kowane kwafi layinsa guda, kowane bayani gurbinsa guda, lambar rajista, marubuci, suna, maɗaba'a, shekara, harshe, fanni, lambar kanta. Kada a cusa abu biyu a gurbi ɗaya. Ga lambar kanta, manyan rukunai goma na tsarin Dewey, wanda ake amfani da shi tun 1876, sun wadatar, ba sai an shiga rassan rassa ba. Tebur mai tsabta ana iya zuba shi cikin PMB ko Koha daga baya, aikin bai ɓata ba. Raunin tebur shi ne aro: ba ya tuna maka wanda ya wuce wa'adi, kuma yatsa guda in ya kuskure yana iya share layi ba ka sani ba. Ranar da aro ya fi ƙarfin kaye, ranar ce ta komawa PMB.

Abin da zai fi rage tsada kuwa ba a cikin na'ura yake ba. In makarantun Gidan Rumji da na Agye da na Gazawa suka yarda da manhaja guda da ƙa'idar rubutu guda, to mutum guda mai sani, ko ɗalibin jami'ar Maraɗi ne mai neman wurin gwajin aiki, zai iya zagaya su duka. Littattafan aji iri ɗaya ne a ko'ina: abin da aka shigar a Gazawa sai a kwafa a kile a kai Tsibiri, a canza lambar rajista kawai. Kuma tunda ana yi wa malamai canjin wurin aiki kowace shekara, wanda aka ɗauke daga wannan gari zai tarar da abin da ya saba da shi a wancan. Wannan magana ce ta masu duba makarantu da magadan gari, su ne ke da ikon tara mutane a zaure guda.

Shi kuwa mushen da na fara ba ku labarinsa, ya haƙura da abin da ke kulle. Ya sake farawa daga littafi na 1 a kan tebur, da taimakon ɗalibai huɗu na ajin ƙarshe masu zuwa ranar Laraba da yamma da Asabar da safe: biyu suna ɗauko littattafai suna karanto bayani, ɗaya yana bugawa, ɗaya yana liƙa lamba. Ya fara da kantar littattafan Hausa, domin a cewarsa su ne suka fi fita, su ne kuma suka fi ɓata. Ranar da na bar garin suna kan harafin ƙ, suna gardama a kan ko a jere shi bayan k ko a haɗa su wuri guda.